Hannun Daman Malam Isiyaku

Akwai wani dattijo a Inugu, Malam Isiyaku, akawun reluwe. Mutum ne mai ji da kansa, ko gaisuwa sai ya auna wanda zai ba.

Shekarar da aka gama yaƙin basasa Hausawa suka fara komawa Inugu, ana ta rungume-rungume a tasha, sai wani mai gurmi da ake kira Na'Allah ya miƙo masa hannu. Isiyaku ya dubi hannun, ya tura nasa aljihu.

"Ba na gaisawa da maroƙa," in ji shi.

Na'Allah ya janye hannunsa ya wuce, bai rama ba. Alhali kowa ya san bakinsa. Akwai wani mai goro a kasuwar Ogbete da ya taɓa yi wa zambo, waƙar ta bi gari har mutumin ya tattara ya koma Anacha.

Bayan shekara biyar Isiyaku ya yi ritaya. Bai cika wata uku ba, yana alwalar azahar buta ta suɓuce masa. Hannun dama ya shanye.

Likita ya ce masa, "Baba, if you no use am, e go die. In ba ka aiki da hannun nan, mutuwa zai yi. Ka samo abin da yatsun nan za su riƙa yi kullum."

Tsoro ya shige shi. Da hagu yake cin tuwo, a ɓoye. A masallaci in aka sallame sai ya sulale, kada wani ya miƙo masa hannu.

Matarsa Jamilatu ta ce, "Malam, ka je wurin Na'Allah ka koyi gurmi. Duk aikin yatsu ne."

"Ke! So kike ya saka ni a waƙa?"

"To zaɓi, waƙa ko hannu."

Kwana tara yana juya maganar, yatsun kuwa sai ƙara ƙanƙancewa suke. A na goma ya je.

Na'Allah ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ɗora masa gurmi a cinya. "Taɓa tsirkiya. Ka dawo gobe da hantsi."

Haka kawai, ba gori ba habaici. Wannan shirun ya fi komai razana Isiyaku. Ya ce a ransa, tara mini yake yi.

Wata bakwai yana zuwa. Da fari yatsa ɗaya ke motsi, sautin kamar kukan ƙofa. Na'Allah kan kama yatsun ya jera su, ya ce, "Sake." Kullum Isiyaku in zai ratsa Ogbete sai ya kasa kunne, ko yau yara sun fara rera sunansa.

Ranar sunan jikan sarkin Hausawa, taro ya cika maƙil. Na'Allah na cikin kiɗa sai ya tsaya cak.

"Ina Isiyaku na reluwe? Ya fito nan!"

Isiyaku ya fito, yana jin yau ce ranar tonon asiri.

Na'Allah ya miƙa masa gurmin. "Kaɗa musu abin da ka iya."

Ya kaɗa. Ba wani gwaninta, har ya yi kuskure sau biyu, amma yatsu biyar duk sun yi aiki a gaban jama'a. Waɗanda suka san halin da hannun ya shiga suka ɗauki kabbara.

Isiyaku ya ajiye gurmin, hawaye na bin gemunsa. Ya ɗaga hannun dama, ya miƙa.

Na'Allah ya kama ya riƙe gam. "Malam, shekara shida nake jiran hannun nan. Da na bari ya mutu, da wanne za ka gaishe ni?"

Darasi: Kada ka raina mutum saboda sana'arsa, domin hannun da ka ƙi kamawa yau, wataƙila shi zai tashe ka gobe. In kuma Allah Ya ba ka damar ramuwa, ka rama da alheri. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.