Kurar Maiwada a Karaye

Akwai wata mata a Karaye ta ƙasar Maiyama, sunanta Tasalla, a shekarun da Nasara bai daɗe da kama ƙasa ba. Matsoraciya ce ta gaske, ko gafiya ce ta gilma sai ta yi salati.

A lokacin hakimi yana da wani jakada, Maiwada, wanda ake aikawa ƙauyuka ya ɗebo mazan da za su sare hanyar da Bature ya ce a fitar daga Jega. Mutumin nan ba ya son musu. Da ya ga duk inda ya tsaya sai an yi masa tambaya, sai ya samo wani gardi mai wasa da kura, Bala, yana yawo da shi.

In zai yi magana sai a tsayar da kurar a gefensa. Da wani ya yi gyaran murya, Maiwada ya ƙyafta wa Bala ido, a sassauta sarƙa. Nan take kowa ya ce to. Shi kuwa gogan naka har bugun ƙirji yake, wai daga Aliero zuwa Mungadi babu wanda ya kai shi iya magana.

Da hantsi ya iso Karaye, ana tsakiyar damina, gero na jiran noma na biyu. Ya tara gari a ƙofar masallaci, ya ce maza talatin yake so, yau ɗin nan. Yana cikin kiran sunaye sai ya kira Rufa'i, mijin Tasalla.

Rufa'i kuwa wata guda ke nan yana kwance, kurkunu ya kumbura masa ƙafa. Tasalla ta san an taɓa tafiya da wani mutumin ƙauyen Kuberi a irin wannan hali, kuma rigarsa kawai aka dawo wa iyalinsa da ita.

Daga bayan zana ta leƙa. Dattawan gari duk sun sunkuyar da kai. Kurar tana huci, miyau na zuba ta takunkumi, warinta har inda mata suke. Tasalla ta ji kamar ta ruga ɗaka. Amma in ta yi shiru, kafin azahar an tasa mijinta gaba.

Ta fito. Ta durƙusa nesa kaɗan. Kurar ta juyo da kai, ta kafa mata ido.

"Ranka shi daɗe," in ji ta, "ni mace ta, ban iya magana ba. Amma an ce bakinka ka sa mutane yarda. A kai dabbag ga bayan gari, ka sake faɗin abin da kaf faɗi. In munka yarda, da kaina zan goyo Rufa'i in kawo ma shi."

Sarƙa ta motsa, Tasalla ta runtse ido tana kalmar shahada. Ƙyafta ido ɗaya ya ishi Maiwada, amma gari duka na kallonsa, girman kai kuma bai bar shi ba. Ya yi dariya.

"Ni ad da bukatar kura? Bala, ja ta."

Da aka yi nisa da ita Maiwada ya gyara rawani, ya faro jawabi daga farko. Bai kai tsakiya ba liman ya tambaye shi yaushe hakimi ya ce a tafi. Kafin ya amsa, wani makiyayi mai suna Gidaɗo ya ce shi da kunnensa ya ji shela a kasuwar Jega: mutum biyar daga kowane gari, masu lafiya, sai bayan kaka. Ya daɗe da sani, tsoro ne ya ɗaure masa baki. Wani tsoho ya ƙara da cewa mutanen Kuberi da aka ɗiba, a gonar Maiwada ya gan su suna noma.

Babu wanda ya taɓa shi. Matsowa kawai suke yi, kowa da tambayarsa. Maiwada ya fara in'ina, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ƙwala wa Bala kira har sau uku, Bala yana can gindin tsamiya ya yi kamar bai ji ba. Ƙarshe dai ya haye doki ya fice, dattawa biyu kuma suka kama hanyar gidan hakimi da ƙara.

Tasalla ta yunƙura ta tashi. Mata ne suka riƙe ta har gida. Ta tarar da Rufa'i ya dafa bango yana neman sandarsa, don ya ji an kira sunansa.

Ta karɓe sandar, ta ce, "Kwanta, Malam. Ba ka zuwa ko'ina."

Darasi: Wanda ya ce maka to don tsoro bai yarda da kai ba, shiru kawai ya yi. In maganarka gaskiya ce ba ta bukatar abin tsoratarwa a gefenta, kuma jin tsoro ba ya hana mutum faɗin gaskiya. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.