Fuskar Mai Fito

A wani zamani mai tsawo, tun haƙorana ba su fito ba balle su zube, an yi wani sarki a ƙasar Zarƙanu ana ce masa Sarki Barmo, mai fadar da in ka shiga da safe sai azahar ka kai zauren farko. Ni na shiga sau biyu, ban ma yi haki ba.

A ƙasar nan akwai wani littafi da kowane yaro ya tashi da shi, labarin yara biyu da Dodo ya biyo, wata mata mai fito ta haye da su kogi a kwalekwale. Yaran gari suka dami fada, su dai a nuna musu da ido. Sarki ya yi alkawari a bainar jama'a zai sa a nuna musu, ya ce Gimbiya Yalwa, 'yarsa, ita za ta zauna a gaba ranar da za a nuna.

Yarima Nakowa, wanda shi da Gimbiya sun daɗe suna son juna, ya ce shi zai kawo mai aikin. Ya ratsa dajin da itatuwa ke gulma, ya kwana a kunnen giwa, ya dawo da Aljani Duƙununu a cikin tulu. Aljanin nan in ya hura hayaƙi a bango sai mutane su fito suna motsi, abin da ku yanzu kuke cewa fim, kuna zaton ku kuka fara.

Aka gwada wa Sarki shi kaɗai a soro mai duhu. Dodo ya fito, haƙora kamar taɓarya. Da aka gama, Sarki ya fito waje.

"Aiki ya yi kyau," in ji shi. "Amma Dodon da nake tsoro tun ina yaro, na lalube shi a kaina na rasa. Wannan na bango ya zaune masa wuri."

Gimbiya ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, marigayiya mahaifiyata ce ta karanta mini littafin nan. Ta rasu ina ƙarama, kamanninta duk sun ɓace mini, sai wuri ɗaya: in an zo kan mai fito, fuskarta nake gani. In na kalli ta bango, na rabu da ita ke nan."

Alkawarin sarki ba ya tashi, ga yara sun cika ƙofar fada.

Yarima ya tafi wajen tulu ya ƙwanƙwasa.

"Ya shugaban masu hayaƙi, a bar fuskar mai fito, kada a nuna ta."

"Kai ɗan Adam, ban taɓa barin aiki rabi ba! Na riga na zuba mata hanci kamar biro."

"Allah ya ja zamaninka, fuska ɗaya ai ko ɗan aljanin da ke rarrafe ya zana. Ni na ɗauka kai ne za ka nuna fuska dubu a lokaci guda. Ashe na ɗauko tulun da ba shi ba."

Tulu ya yi zafi har ya yi gumi. Aljani ya ce a tara mutane.

Ranar ina sahun gaba, ni na riƙe wa Waziri takalmi don shi ya roƙe ni. Dodo ya yi ruri, yara suka ƙanƙame juna. Sai ga kogi, ga kwalekwale. Gimbiya ta rufe ido, can ta daure ta buɗe.

Mai fito ta ba mu baya. Tana tuƙi, mayafi na kaɗawa, har ta sauke yaran a tsallake ba ta waiwayo ba.

Gimbiya ta yi murmushi, hawaye na zuba. "Ita ce," in ji ta.

Aka ɗaura aurenta da Yarima, aka ci tuwo har karnukan gari suka ƙoshi. Amma musu bai ƙare ba a Zarƙanu, kowa na rantsuwa ya ga fuskar, wannan ya ce doguwa, wancan ya ce mai wushirya. Duk ƙarya suke, ni na fi kowa kusa da bangon. Iyata ce, har da tsagar nan tata a kumatu.