Hannun Da Ke Riga Kowa Tashi

Akwai wani shugaban kwamiti da aka ba aikin tsabtace wata tsohuwar cibiyar bincike ta gwamnati. An daɗe da rufe wurin, amma an bar guba a wuri biyu. Akwai filin gaba, inda tsofaffin ganguna suka yi tsatsa, kowa na gani daga titi. Akwai kuma wani rami a baya, dab da rijiyar unguwa.

Ɗaya kawai za su iya kwashewa kafin damina.

To su in za su yanke shawara, hannu ake ɗagawa. Shi kuma shugaban ba ya iya jira. Bai gama tambaya ba hannunsa ya tashi.

"Wa ke ganin a fara da gaba?" Hannunsa na sama.

Cikin 'yan kwamitin, injiniya ya kalli likita. Likita ta kalli mai gwajin ƙasa, shi kuma ya kalli silin. Hannuwa suka bi, ɗaya bayan ɗaya.

Shugaban ya ce, "Shi ya sa nake son aiki da ku. Ba ɓata lokaci."

Injiniya ya ce, "Ai Yallaɓai, ko shayinmu bai huce ba." Aka yi dariya.

Kar in ja ku. Gaba ya yi fes, har fure aka shuka.

Ruwan farko ya cika ramin baya, ya malala. Ruwan rijiya ya fara warin fenti. Yara suka yi ta amai. Aka zo aka toshe bakin rijiyar da siminti.

Shugaban ya je gani. Ya tarar da wata tsohuwa zaune kan simintin, bokitinta ba komai. Ko zaginsa ba ta yi ba.

"Ɗana, kai ne na gwamnatin? Sannu da aiki." Ta mayar da idonta kan bokitin.

Ya koma ofis ya tara 'yan kwamitin.

"Wa ya san haka za ta faru?"

Can likita ta ce, "Dukanmu."

"To me ya hana ku magana?"

"Yallaɓai, hannunka ya riga ya tashi."

Shugaban ya ce, "Ni fa jira nake wani ya ce a'a."

Rijiyar har yau a toshe take.

Darasi: In kai ne babba, bari hannunka ya zama na ƙarshe. In kuma ka san gaskiya, faɗe ta tun ana zaune, don wasu ne za su sha ruwan shirunka. Ku tura wa duk wanda ke zama a kwamiti.