Anaruwa a Shekarar Fari

Akwai wata mata a Kamarawa, cikin ƙasar Isa, sunanta Mairama. 'Ya'yanta huɗu, babbansu namiji ne, Amiru. Amma ba kowa ya san wannan sunan ba. Duk gari Anaruwa ake ce masa.

Dalili kuwa, ranar da anka haife shi ruwa ake yi babu tsayawa. Shekarar ambaliya ce, da gulbi ya cika ya shigo gari. Ɗakin Mairama ya faɗi. A ajin firamare inda mutane sunka fake ta haihu, ungozoma tana tare ɗigar rufi da tasa.

Shekara goma sha shida ke nan. Yanzu gulbin nan ya koma yashi, cikinsa yara ke buga ƙwallo.

Damina biyu a jere ruwa ya yi gardama. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone yana tsaye. An fita roƙon ruwa har sau uku. Mijinta Kalilu ya tafi cin rani kudu tun bara, sai waya jefi-jefi. Rumbu kuwa ya kai inda sai ta shiga ciki da tsintsiya. Tuwo sau ɗaya a yini, sauran kwaɗon tafasa.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne Anaruwa. Yaron ya daina girma. Wuya siriri, ƙafafu kamar karan dawa, wanda bai sani ba sai ya ce shekararsa sha uku. In an zuba abinci sai ya yi loma biyu ya ce ya ƙoshi, ya tura wa ƙannensa kwanon. Tana gani, ba ta magana. Iyaye mata sun san irin wannan ganin.

Amma a yashin gulbi, in ƙwallo ta shiga ƙafarsa, babu mai karɓe ta.

Ana cikin haka sai labari ya zo. Wani babban kulob na ƙwallon ƙafa a birni yana da makarantar horar da yara, da ɗakin kwana, da karatu, da abinci sau uku a yini. Za su zo Isa su zaɓi 'yan ƙasa da shekara sha biyar.

Abinci sau uku. Nan kunnen Mairama ya tsaya.

Kwana biyu kafin ranar, sai ga Yari, wan mijinta, ya yi sallama da takarda a hannu.

"Mairama, ga takardar haihuwar ɗanki. Na sa an buga mishi tare da ta Atikuna."

Ta karɓa tana juyawa. Karatunta bai yi nisa ba, amma ta san lamba. "Yaya Yari, mi anka rubuta nan?"

"Ɗaya ga watan ɗaya. Shekarunai sha huɗu."

"Sha huɗu? Ai shekarar ambaliya..."

"Ke! Wa ya tambaye ki ambaliya? Dubi yaron ga. Yunwa ta riga ta rage mishi shekara biyu, ni rubutawa kawai na sa anka yi. Kowa haka yake yi."

Ya sassauta murya.

"Ubanai ba ya nan, dole ke za ki dangwala yatsa. Amma ba sai kin ce komai ba. Ɗan fari ne. Wace uwa ke zancen ɗan fari cikin maza? Ki ja mayafi ki rufe fuska, ki yi kunyarki. Ni za ni yi magana."

Gaskiyarsa ta nan gefen. Tunda ta haifi yaron ba ta taɓa kiran sunansa na yanka ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba. In ta yi shiru, babu mai ganin laifinta. Yaba mata ma za a yi.

Ta sa takardar a ƙarƙashin tabarma. In ta dubi takardar gabanta ya faɗi. In ta dubi wuyan Anaruwa, ya sake faɗuwa.

Ranar Asabar sunka hau babur zuwa Isa. Fili ya cika da yara da iyaye, rana tana dukan kai tun hantsi. Mai zaɓen wani dogon Bafulatani ne, Koci Labbo, da usur a wuya. Mutumin wajen Burkusuma ne, ya taso cikin kiwo kafin ƙwallo ta kai shi birni. Mataimakansa biyu baƙi ne, ba su san kowa ba.

Anka raba yara, anka sa wasa. Ba a yi minti goma ba Anaruwa ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya wuce mutum uku, ya zura ta a raga. Samarin Kamarawa sunka ɗauki ihu:

"Anaruwa! Anaruwa! Anaruwa!"

Wallahi sai ga mataimakan nan biyu sun ɗaga kai sama. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta miƙe tana shimfiɗa tafin hannu, tana cewa, "Ina? Ina ake yi?" Sama kuwa fes, ko gajimare ɗaya babu. Fili ya ɗauki dariya.

Koci Labbo bai yi dariya ba. Ya dubi yaron, ya dubi takardun da ke hannunsa.

Da anka tashi, ya kira sunan yara takwas. Amiru Kalilu na ciki, Atikun Yari na ciki. Anka ce iyaye su matso ƙarƙashin dalbejiya su dangwala. Mairama ta ja mayafi, ta matso.

Koci yana buɗe takardu yana girgiza kai. "Ikon Allah. Ƙasar ga tamu, mata ba su haihuwa sai ɗaya ga watan ɗaya. Ungozomai na shan wuya rannan."

Mutane sunka yi dariya, Yari ya fi kowa.

Koci ya ɗaga takardar Amiru. "Wanga shi ne Anaruwa? Ni dai makiyayi ne. Watan ɗaya rijiya muke bi da guga. Ban taɓa jin an yi ruwa tsakiyar rani ba, balle a haifi yaro cikinsa."

Yari ya yi caraf. "Ranka ya daɗe, sunan kakanai ne ya ci. Gado ne."

"To, yana yiwuwa." Koci ya juyo wajen Mairama, ya rage murya. "Inna, ke kika haife shi. In haka ne, ga tawada, dangwala mu wuce."

Ya tura mata takardar. Ba wanda ya ce ta rantse. Ba wanda ya ce ta buɗe baki. Yatsa kawai.

Ta dubi Anaruwa. Yana tsaye gumi na zuba, haƙarƙarinsa na hawa da sauka, idonsa na roƙonta. Ta sa yatsa cikin tawada. Ta ɗaga. Hannun ya tsaya a sama.

Abin da ya faɗo mata shi ne ajin nan, da ƙarar ruwa bisa kwano, da yadda ta roƙi Allah ya fid da su ita da abin da ke cikinta. Ya kuwa fid da su. Yanzu za ta sa hannu cewa ranar nan ba a yi ta ba?

Ta janye mayafin daga bakinta.

"Malam, ba gado ba ne. Ana ruwa na haife shi. Shekarar ambaliya, tsakiyar marka, cikin azumi. Shekarunai sha shida."

Wata mata a baya ta ce, "La ilaha! Ɗan fari, a gaban maza?"

Koci Labbo ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ja biro bisa sunan. "Ki yi haƙuri, Inna. Doka ce. Ba ni da ikon ɗaukar shi."

Yari ya dangwala wa Atiku, bai ko dube ta ba. Sai a bakin hanya ya buɗe baki.

"Kin kyauta, malama mai gaskiya! Sai ki tuƙa mishi gaskiyar ya ci da miya. Na kawo muku abinci har baki kin tofar!"

Wannan bai yi mata ciwo ba kamar shirun Anaruwa. Da sunka isa gida ya rataye takalmansa a bayan ɗaki, ya daina zuwa gulbi. In ya gaishe ta, kansa na ƙasa.

A rijiya mata na yi da ita. "Ga ta nan, wadda ta ƙwace tuwo bakin ɗanta." Da Kalilu ya kira, ta faɗa masa, sai ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Ba ta gane ko addu'a ce ko fushi ba.

Atiku ya aiko hoto daga birni, cikin riga mai lamba, kumatu sun fara fitowa. Yari ya bi gida gida da wayar.

Sati bakwai Mairama tana tambayar kanta. Kullum in ta shiga rumbu da tsintsiya sai ta ce, anya ban cuci yaron nan ba? Ba ta taɓa samun amsar da ta kwantar mata da rai ba.

Wata Laraba da hantsi, tana tsince tafasa, babur ya tsaya a ƙofar gida. Anka yi sallama da ita. Koci Labbo ne. Ta ɗauka takardar ƙaryar ce ta jawo musu hukuma.

Ya zauna bisa tabarma, ya sha ruwa, ya ce, "Inna, an kai yaran da munka ɗauka asibiti, an ɗauki hoton ƙashin hannunsu don gane shekarunsu kafin gasa. Ƙashi ba ya karanta takarda. Cikin bakwai ɗin Isa, biyar sun haura shekaru. An sallame su, kuma kulob ya rufe musu ƙofa, ko a rukunin manya."

"Har da Atiku?"

"Har da shi."

Ta dafe ƙirji. Ba ta yi murna ba. Atiku a bayanta ya yi wayo.

"Abin da ya kawo ni," in ji Koci, "muna da rukunin 'yan ƙasa da sha bakwai, an ce kowane koci ya kawo yaron da zai iya tsaya wa shekarunsa. Na duba duk yaran da na gani bana. Ɗaya kawai na san ranar haihuwarsa ba da takarda ba. Ambaliyar nan ta ci mana shanu sha ɗaya, ba ni mance shekararta. Zai zama ƙaramin cikinsu a jiki, zai sha wuya. Gwajin wata uku ne, ban yi miki alkawarin komai ba. Amma zai ci, zai yi karatu."

Ba ta san Anaruwa na bayan zana yana ji ba, sai da ta ji motsi. Ta leƙa. Yana kakkaɓe takalman nan da ya rataye. Ya ɗago sunka haɗa ido, karo na farko cikin sati bakwai.

"Inna," ya ce.

"Tahi ka wanke ƙafa, baƙo na jira," ta ce, ta juya da sauri don kada ya ga fuskarta.

Bana ma ruwan bai zo yadda ake so ba. Rumbu na nan yadda yake, Mairama na nan da tunaninta. Amma bayan wata uku Koci ya turo hoto a wayar maƙwabta. Yaro ne ya juya baya, wuya ya cika, cikin riga mai lamba. Ta sa yatsa tana bin baƙaƙen da ke saman lambar ɗaya bayan ɗaya, har ta haɗa su.

ANARUWA.

Darasi: Ƙaryar da ake yi wa yaro don a taimake shi, shi za ta kayar gobe, a inda uwa ba ta nan balle ta tare masa. Yin shiru ma sa hannu ne, ko da kunya anka rufe shi. Iyaye, komai tsananin shekara, kada mu rage wa 'ya'yanmu shekaru ko mu sauya musu asali don neman gurbi. Ku tura wannan ga duk uwa ko uban da ke riƙe da irin wannan takarda, tun yatsa bai taɓa tawada ba.