Baitocin Malam Nomau

Ku gyara zama ku saurara, don in na kai ƙarshe ku ne za ku yanke hukunci.

A wani gari matasa suka gyara tsohon ɗakin ajiyar gyaɗa, suka mai da shi zauren fasaha. Ranar buɗewa suka shirya karatun waƙoƙi bayan la'asar, suka gayyaci Malam Nomau, makahon tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya. A kansa kaɗai waƙar tsohon ƙauyensu ta rage, ƙauyen da ruwan dam ya cinye: baiti ɗari da ashirin, da sunan kowane gida, kowace rijiya, da inda aka binne kowa. Bai taɓa yarda a rubuta ta ba. Sai da jiki ya ƙi, ya ce wa 'yarsa Tasalla, "Kai ni wurin yaran nan. Sau ɗaya zan iya."

Da ranar ta zo, tun safe Tasalla ta fito da mahaifinta. An kwana ana ruwa, rafin da ke tsakaninsu da gari ya cika ya batse, masu babur duk suka juya. Tana tsaye a bakin gaɓa ta rasa abin yi, sai ga Ɗantala magini. Ya goya tsohon, ya ɗaure shi da rawani, ya shiga ruwa har ƙirji. Sau biyu ƙafarsa na gocewa, Tasalla na biye da su tana salati, amma ya haye da shi.

Zaure ya cika maƙil. Tsoho ya fara ke nan, ruwa ya sake kecewa, wuta ta ɗauke, lasifika ta mutu. Ƙarar kwanon rufi ta danne muryarsa, masu ɗauka da waya ba su sami komai ba sai ruguntsumi. Shekarau, tsohon magatakardan kotu, ya durƙusa ya kai kunnensa dab da bakin Malam, yana rubutu. Takarda ta ƙare. Ya shimfiɗa hannun farar rigarsa a gwiwa, ya ci gaba a kai.

A baiti na arba'in Malam Nomau ya tsaya cak. Kalma ta ƙi zuwa. Tasalla ita kanta ba ta san abin da ke gaba ba. Mutane suka fara kallon juna. Sai Ladidi mai ƙosai ta taso daga bayan mata, ta sunkuya kusa da shi ta rera masa layin, yadda ta riƙa ji a bakin uwarta wajen niƙa. Tsoho ya cafke. Sau uku yana ɓata, sau uku tana ɗora shi a hanya, har ya dire kafin kiran magariba.

Kwana huɗu bayan haka numfashinsa ya yi nisa. Ya laluba ya kama hannun 'yarsa.

"Sandata, ki ba wanda ya ceci waƙar."

"Wanne daga ciki, Baba?"

Kafin ya amsa, rai ya yi halinsa.

Har aka yi sadakar bakwai Tasalla ba ta iya runtsawa. Ba don Ɗantala ba, da tsohon bai iso ba. Ba don Ladidi ba, da waƙar ta yanke a tsakiya. Kuma da Shekarau bai durƙusa ba, da an binne ta tare da mai ita.

To, ku da kuka ji, wa Tasalla za ta miƙa wa sandar?