Rumbun Hotunan Barau

Ku zauna, ba zan maimaita ba.

Barau mai hoto ne a Funtua. Duk hotunan da ya ɗauka yana zuba su a wani rumbu cikin kwamfuta, kulle da kalmar sirri, don akwai matan aure a ciki, amana ce. Hotunan marigayiyar uwargidansa ma suna ciki.

Rumbu ya cika. Barau ya zauna zai faɗaɗa shi, ana tsakiyar aiki wuta ta ɗauke. Kan rumbun, inda makulli ke shiga, ya lalace. A lokacin idonsa ya fara mutuwa, likita ya ce saura kaɗan. Ya tara 'ya'yansa uku ya ce, "Wanda ya nuna mini fuskar uwarku kafin in makance, shagon nan nasa ne."

Tukur, babban, ya fito da kwafin kan rumbun. Ya ɗauka tun bara a ɓoye, Barau ya gane, ya zage shi gaban masu jiran hoto. Amma Tukur bai goge kwafin ba. Ba don kwafin nan ba, da magana ta ƙare.

Sabi'u, mai bi wa Tukur, shi ne ya san aikin. Ya mayar da kan, ya gano rumbun bango biyu gare shi, na waje ya faɗaɗa amma na ciki yana nan a tsohon girmansa. Ya yi makonni yana daidaita su, har wurin aikinsa suka sallame shi.

Saura kalmar sirri. Barau ba ya ganin haruffa kuma. Sabi'u ya ce, "Baba, faɗa mini in rubuta." Tsoho ya sunkuyar da kai. Kalmar, sunan uwargidan ne da na ƙauyen iyayenta, shi kuwa tunda ya aure ta bai taɓa furta sunanta ba, balle gaban 'ya'ya. Kwanaki suka wuce yana shiru, ido na tafiya. Lantana, autarsu, ta dubi irin shirun, ta gane sunan uwarsu yake kunyar faɗa, ta ce, "Yaya, matsa." Ta rubuta. Rumbu ya buɗe.

Suka juyo masa da fuskar kwamfuta, ga hoton uwarsu a kai. Barau ya kai hannu yana shafa gilashi. Ya ce, "An kunna ne?"

Tun bai janye hannunsa ba suka fara musu a kan shago.

To, Tukur ne, ko Sabi'u, ko Lantana? Ko kuwa tunda tsohon bai gani ba, babu mai shago a cikinsu?