Ƙararrawar da Zakka Ya Toshe da Tsumma

Akwai wani mutum mai suna Zakka, mai tsaron bututun ƙarfe a kan tudu. Bututun yana kai wata gurɓatacciyar iska da ake kira kabon daga masana'antar siminti zuwa wata rijiya mai zurfi, inda ake binne ta. Gidan Zakka yana cikin kwari, daidai ƙarƙashin tudun. Doka ɗaya aka ba shi: iskar nan sai ta bushe sarai kafin ta shiga. In danshi ya biyo ta, ƙararrawa za ta buga, shi kuwa ya rufe famfon bututun.

Da damina ta kankama, ƙararrawar ta fara bugawa. Rufe famfo kuwa tsayar da aikin masana'anta ne gaba ɗaya, ga Zakka da tsoron faɗan manya. Sai ya cusa wa ƙararrawar tsumma.

Matarsa Briskila ta kawo masa abinci, ta gani, ta ce, "Maigida, me ya sa ka toshe mata baki?"

Ya ce, "Ɗan danshi ne. Me zai yi wa ƙarfe mai kauri haka?"

Kun ji wauta fa. Danshi in ya haɗu da wannan iska, ruwa mai tsami yake zama. Shekara biyu yana cin ƙarfen ta ciki, daga waje kuwa fenti sai ƙyalli.

Wata safiya bututun ya tsage. Iskar ba ta da wari, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta gangara kwari shiru. Inda ta taru, wuta ba ta ci, mai rai kuma ba ya samun numfashi. Daga kan tudu Zakka ya ga hayaƙin gidaje yana ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Kaji suka daina kuka. Awaki suka kwanta a inda suke. Ya hango Briskila a tsakar gida tana ta hura murhu, wuta ta ƙi kamawa. Can ta zauna kamar wadda ta gaji. Ya rufe famfo, ya yi ta kiran sunanta. Ba ta ɗaga kai ba.

To, ga ma'anar misalin nan. Bututun shi ne zuciyarka. Danshin shi ne ƙaramin zunubin da kake cewa ba komai: 'yar ƙarya, ɗan fushin da ka ɓoye. Ƙararrawar kuwa lamirinka ne, wanda Allah yake yi maka gargaɗi da shi.

Amma abin da yake ba ni tsoro, 'yan'uwa, Zakka bai mutu ba. Yana kan tudu, lafiyarsa ƙalau. Mai ɓoye zunubi sau da yawa ba shi yake fara faɗuwa ba, na gidansa ne. Dubi wanda ka zo sujada da shi yau, ga shi nan kusa da kai a benci. Ka tuba tun yana numfashi.